Bindiga a Hannun Wa? Muhawarar Makami daga Dajin Kibiya zuwa Lungunan Kano

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah, wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan jihar Kano ta taso daga jihar Ribas ta nufo gida. A garin Uromi na jihar Edo 'yan sintiri suka tare ta, suka zazzage kaya, suka ga bindigogin toka irin na farauta. Kafin wani lokaci magana ta bazu cewa an kama masu garkuwa da mutane, jama'a suka yi dafifi, aka kashe mutum 16 da duka da ƙonawa. Yawancin mamatan 'yan Bunkure ne da Kibiya da Rano, ƙananan hukumomi uku da suke ƙarƙashin masarautar Rano, inda farauta sana'a ce da ɗa yake gada wurin uba. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, ya je har Torankawa ta ƙasar Bunkure tare da Gwamna Abba Kabir Yusuf. Waɗanda suka tsira sun ce bindigoginsu suna da takardu. Ko da takarda ko babu, ba abin da ya halatta jinin waɗannan bayin Allah, kuma alhakin kisan yana wuyan waɗanda suka aikata shi. Amma abin ya tono wata tambaya da ta daɗe a binne: takardar mallakar bindiga, wane nauyi gare ta a Nijeriya yau, kuma wa yake yarda da ita idan an nuna masa?

Muhawarar bindiga a ƙasar nan takan rabu gida biyu. Wasu na cewa tunda gwamnati ta kasa kare rayuka, a sakar wa kowa mara ya sayi makaminsa. Janar T. Y. Danjuma ya yi kiran kare kai a Jalingo a 2018, Aminu Bello Masari ya yi irinsa a 2021 yana gwamnan Katsina, Bello Matawalle kuma a Yunin 2022 gwamnatinsa ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga. Wasu kuma na cewa a ƙara tsaurara doka, a ƙwace duk wani ƙarfe mai tashi daga hannun farar hula. Ni a ganina ɓangarorin biyu sun saki ainihin wurin da ciwon yake. Dokarmu tana da tsauri a rubuce fiye da ta ƙasashe da yawa. Abin da ya lalace shi ne an toshe ƙofar da mutumin kirki zai bi ya yi rajista, an bar tagar da ɗan ta'adda yake samun AK-47 a buɗe. Raba bindiga ga kowa zai mayar da faɗan daba na birnin Kano kisan gilla, ƙwace ta daga kowa kuma mafaraucin Kibiya kaɗai zai shafa, domin shi ne aka san gidansa.

Dokar da ake aiki da ita ta 1959 ce, tun Turawa ba su tafi ba, kuma ruhinta ya girme ta. Yarjejeniyar Burasels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka na wannan yanki bindigogin zamani, ta bar musu na ɗuri ta baki, shi ya sa har yau bindigar toka take da matsayi daban. Hausawa kuwa sun san bindiga tun kafin nan; Tarihin Kano ya ambaci Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, a matsayin sarkin da ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga. Dokar 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Makaman yaƙi da ƙananan bindigogin aljihu, shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izinin riƙe su. Bindigogin farauta na zamani, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuma an bar al'amarinta ga kwamishinan 'yan sanda na jiha tare da gwamna. Ba a ba wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mashayi, ko wanda aka kama da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Dokar fashi da makami ta 1984 ta ƙara da cewa wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba zai sha ɗaurin shekara 10 ko tarar naira 20,000, kuɗin da a lokacin ya isa sayen mota, yau kuwa bai taka kara ya karya ba. A kan wannan duka, rundunar 'yan sanda ta daɗe tana dakatar da ba da sabon lasisi. Da gwamnatin Matawalle ta yi kiranta, kwamishinan 'yan sandan jihar ya ce takunkumin yana nan, kuma a Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake sanar da dakatarwar. Duk da wannan katanga, cibiyar Small Arms Survey ta Jeniba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 6 da dubu 200 a hannun farar hula a Nijeriya, ninki wajen goma na abin da sojoji da 'yan sanda suke riƙe da shi.

Daga ina suke fitowa? Amsar da kowa ya haddace ita ce Libiya, kuma gaskiya ne rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta watsa makamai cikin Sahel, wasu suka gangaro ta Nijar. Sai dai ba ta kan iyakar Arewa kaɗai suke shigowa ba. A 2017 jami'an kwastam sun kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu, mafi yawa daga Turkiyya, a Yulin 2024 kuma aka kama wasu 844 da harsashi 112,500 a tashar jirgin ruwa ta Onne. Abin da ya fi ɗaga hankali yana cikin gida. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makamai da harsasai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga rumbunan 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. Rundunar ta yi jayayya da wasu alƙaluman, ta ce wasu makaman an ƙwace su ne daga jami'an da aka kashe a bakin aiki, wasu kuma matsalar rubutu ce. Ko mun karɓi wannan uzuri, ma'anarsa ita ce hukumar da ke da ikon ba ni lasisi ko hana ni ba ta iya ƙirga nata makaman daidai. Binciken Conflict Armament Research na 2020, wanda ya bi diddigin makaman da aka ƙwato a Katsina da Kaduna da Zamfara, ya sami wasu da asalinsu na jami'an tsaron Nijeriya ne. Afirka ta Kudu ta ɗanɗana wannan. Dokarta ta 2000 ta rage kisan bindiga a manyan biranenta shekara bayan shekara, har sai da wani kanar na 'yan sanda, Christiaan Prinsloo, ya sayar wa 'yan daban Kef Tawun bindigogi sama da 2,000 da aka tara don a lalata. An ɗaure shi shekara 18 a 2016, amma kafin nan bindigogin sun ci rayuka masu yawa, har da na yara. Mutum ɗaya mai riƙe da makullin rumbu ya ɓata abin da majalisa ta gina.

A nan ne birnin Kano ya kamata ya tsaya ya dubi kansa da kyau. Ba mai musun cewa daba ta addabi mutane. Faɗan unguwa da unguwa a wajajen Ƙofar Mata da Yakasai da Ɗorayi da Kurna ya sha tashi, ƙwacen waya ya kai matsayin da a Mayun 2023 gwamnatin jiha ta ce za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Amma a duba kayan da 'yan sanda suke bajewa a hedikwatarsu ta Bompai idan sun yi holin waɗanda suka kama: wuƙaƙe ne, da adduna, da barandami, da gora, da almakashi, da ƙwaya. Bindiga takan fito, amma jefi-jefi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, shi ne ya raba Kano da biranen da ake kwashe gawa goma a dare ɗaya. Tun 1968 wani masani a Amurka, Franklin Zimring, ya nazarci bayanan 'yan sandan Shikago ya gano cewa harin bindiga ya fi na wuƙa kisa kusan ninki biyar, alhali fushin da ya haddasa faɗan iri ɗaya ne. Mai wuƙa sai ya matso kusa, sai ya fi ƙarfin wanda ya tara, ana iya gudu a tsere masa, ana iya taruwa a rufar masa, wanda ya sara kuma sau da yawa yakan rayu idan an kai shi asibitin Murtala da wuri. Mai bindiga yana iya zama yaro ɗan shekara 15 a bayan babur, kuma harsashin da ya kuskure wanda aka nufa yana iya samun mai tallar awara ko mai dawowa daga Islamiyya. Duk wanda yake kiran a raba bindiga, ya tuna cewa birni mai miliyoyin mutane, mai cunkoson lungu, mai dubban matasa marasa aikin yi waɗanda tuni sun rabu ƙungiya-ƙungiya, shi ne zai fara karɓar rabonsa. Bindigar da aka saya don tsoron ɓarawo tana kwana a gida ɗaya da saurayin da aka yi wa gori a dandali jiya.

Masu son a saki makami suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai dace a raina ta ba. Suna cewa mugu ba ya neman lasisi, saboda haka doka hannun mutumin kirki kawai take ɗaurewa. Sukan kawo misalin Meziko, mai tsauraran dokoki da kisa mai yawa. Amma Meziko tana maƙwabtaka da kasuwar bindiga mafi girma a duniya, kuma yawancin makaman da ake bin sawunsu a can daga shagunan Amurka aka sayo su bisa ƙa'ida kafin a tsallaka da su. Wannan shi ne abin da hujjar take mantawa: kusan kowace bindigar haram ta masana'anta ta fara ne a matsayin ta halas, sannan aka sace ta, ko aka sayar, ko aka ara ba a mayar ba. Idan na halas suka yawaita, farashin na haram sai ya faɗi. Amurka, inda aka ƙiyasta bindiga 120 ga kowane mutum 100, ta rasa mutum 48,830 ta hanyar harbi a 2021, fiye da rabinsu kashe kansu suka yi. Ostareliya kuwa, bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, ta sayi bindigogi wajen 650,000 daga hannun jama'a ta lalata, ta kuma bar manoma da mafarauta da nasu bisa rajista. Ba na cewa Nijeriya za ta kwafi Ostareliya, tsibiri mai 'yan sandan da ake kira su zo. Abin ɗauka shi ne ba ta zaɓi tsakanin kowa da babu kowa ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin ta mutumin ƙauye ce. Wanda 'yan bindiga suka shigo garinsu da tsakar dare, ofishin 'yan sanda mafi kusa yana tafiyar awa guda, me za a ce masa? Kudancin Kano ya san wannan tsoro tun lokacin da dajin Falgore ya zama mafakar ɓarayin shanu da masu tare hanyar Jos, kafin a girke sojoji a ciki, kuma hare-haren ƙarshen 2025 a Shanono da Tsanyawa sun nuna cewa jihar ba ta fi ƙarfin abin ba. Addini ya halatta wa mutum kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, dokar ƙasa ma ta yarda da haka. Ba ni da bakin da zan ce wa wannan mutum ya naɗe hannu. Amma Zamfara ta riga ta gwada hanyar kowa ya ɗauka, mun kuma ga inda ta kai. 'Yan sa-kai sun taso ne da niyyar korar ɓarayi, ba rajista, ba mai tsawatarwa, sai aka koma kashe Fulani a kasuwa bisa zargi kawai, ɗaya ɓangaren kuma ya sayar da shanu ya sayi makamin da ya fi na toka. Harin 'Yargaladima na Afrilun 2014, inda aka kashe mutum sama da 100 a wurin taron 'yan sintiri, yana cikin wannan sarƙar ramuwa. A tseren makami tsakanin manomi da ɗan fashin daji, mai karɓar kuɗin fansa ne kullum zai yi gaba. Gwamnonin da suka zo daga baya kamar sun fahimci haka, shi ya sa Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ta Katsina a Oktoban 2023, Dauda Lawal ya kafa Askarawan Zamfara a farkon 2024. Su ma ana kuka da wasu ayyukansu, amma aƙalla suna da suna a takarda, da albashi, da shugaban da za a kira idan an yi ɓarna. Makamin da al'umma ta riƙe a ƙarƙashin wanda za a tuhuma daban yake da wanda kowa ya ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Rano kanta ta ba da wani darasi mai ɗaci wata biyu bayan Uromi. A Mayun 2025 wani matashi ya rasu bayan 'yan sanda sun kama shi, mutanen gari suka yi zargin duka ne ya kashe shi, fusatattu suka afka wa ofishin 'yan sanda suka cinna wuta, baturen 'yan sandan ya ji munanan raunuka ya rasu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mai cewa wuƙa da sanda ma suna kisa zai ce ga shaida, kuma ya yi gaskiya. Sai dai a auna yadda ranar za ta ƙare da a ce kowane gida na uku a Rano yana da bindiga mai cin harsashi da yawa. Akwai kuma wani abu da lamarin ya fallasa wanda ya shafi dokar makami kai tsaye. Duk tsarin lasisi yana tsaye ne a kan yarda: mutum ya ɗauki makaminsa da ƙafarsa ya kai ofis, ya ba da sunansa da na garinsu, yana da tabbacin ba za a ƙwace ba, ba za a tatse shi ba, ba za a rufe shi ba. Inda jama'a suke ganin shiga ofishin 'yan sanda kasada ce, ba wanda zai kai kansa, ko da an buɗe rajistar gobe.

Saboda haka nake ganin gyaran ya kamata ya faro daga bindigar mafarauci, kuma ƙasar Rano wuri ne da ya dace a gwada. Mafarauta ba baƙi ba ne ga kowa. Suna da sarkin baka da shugabannin ƙungiya, mai unguwa da dagaci sun san gidan kowannensu, maƙeran da suke ƙera musu bindiga ma sanannu ne. Tunda doka ta riga ta bar bindigar toka a hannun kwamishina da gwamna, jihar Kano ba ta buƙatar jiran Abuja. Ana iya buga wa kowace bindiga lamba a jikin ƙarfenta, a ba mai ita kati mai hoto wanda dagacinsa da shugaban mafarauta suka tsaya masa, a sa bayanin a kwamfuta yadda ɗan sanda a Edo ko Kogi zai iya tabbatarwa ta waya cikin minti biyu. Ayarin da zai tafi farauta wata jiha ya sanar kafin ya tashi, a tura sunayensu gaba. Maƙerin da ya yi rajista ya ci gaba da sana'arsa, wanda aka kama yana ƙera ƙaramar bindigar aljihu ko kwaikwayon AK-47 ya fuskanci hukunci mai tsanani, domin wannan ba ta harbin gada ba ce. Su ma mafarautan akwai abin da ya hau kansu, tunda sanannen abu ne cewa tawagar farauta ta birni ta daɗe tana cakuɗe da daba, kuma fita farauta takan zama wurin rama gaba. Kati zai ba shugabanninsu abin da za su ƙwace daga hannun wanda ya saɓa. A ɓangaren tarayya kuma, cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021, wadda dokar 2024 ta ba ƙarfi, aikinta na farko shi ne ta ƙirga makaman gwamnati, ta buga musu lamba kamar yadda yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta tanada, ta kuma riƙa lalata waɗanda aka ƙwato a bainar jama'a kafin su sake zagayowa.

Daba kuwa dokar bindiga ba za ta kashe ta ba, iyakarta ta hana ta yin haƙori. Birnin Gilasgo na Sikotlan, wanda matsalarsa ita ma wuƙa ce, ya kafa sashen rage tashin hankali a 2005, ya haɗa 'yan sanda da likitoci da malamai, aka tara 'yan ƙungiyoyi aka gaya musu hukuncin da ke jiransu da kuma aikin da za a ba wanda ya ajiye, kisa a ƙasar ya ragu da fiye da rabi cikin shekara goma. Kwamishinan 'yan sanda Muhammad Usaini Gumel ya gwada mai kama da haka a Kano a 2023 da tubabbun 'yan daba, ɗaruruwa suka miƙa makamai, amma irin wannan shiri yana rayuwa ne idan sana'a ta biyo bayan tuba, ba ya kuma jure sauyin kwamishina idan ba a rubuta shi cikin kasafin kuɗi ba. Biranen Kali da Bogota na Kolombiya sun hana yawo da makami a ranakun zaɓe da bukukuwa da ƙarshen makon albashi, bincike ya nuna kisa ya ragu da kashi 13 zuwa 14 cikin 100 a waɗannan ranaku. Kano ta san nata ranakun: hawan Sallah, gangamin siyasa, daren zaɓe. Kuma ta san wanda yake hayar motocin da ke kwaso yaran, da wanda yake zuwa belinsu washegari. Muddin doka tana kama yaron da ya riƙe barandami tana barin wanda ya biya shi, ranar da wannan mai biya ya ga barandami ya daina tsorata abokan hamayya, yana da kuɗin da zai sayo abin da ya fi shi, kuma ya san inda ake sayarwa.